Ranar da Motar Hoskie Ta Lalace da Gaske

Tun ƙarfe takwas na safe Orlinda Claw ta gama shiri. Ta sa jar rigarta ta karammiski, ta ɗaure gashi a ƙeya da farin zare, ta jera mundayen azurfa huɗu a hannu, sannan ta ja kujera bakin ƙofa ta zauna tana kallon hanyar da ta fito daga Lukachukai. Motarta ta ɗaukar kaya ta tsallaka dutse tun da asuba, ɗanta da matarsa sun yi gaba da tebura da itacen girki. Ita aka bari, don Hoskie ya ce shi zai biyo ya ɗauke ta.

Hoskie Bitsilly ɗan kawunta ne, taubashinta, kuma shekara sittin ke nan ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba sai ɗaya ya yaɓa wa ɗaya magana. Yau shi ne mai biki. Shi ya sa jikarsa 'yar wata uku ta yi dariyarta ta farko, kuma a al'adarsu duk wanda ya sa jariri dariyar farko shi ke yanka tunkiya ya tara dangi, a riƙe hannun jaririn ya raba wa kowa gishiri don ya tashi da sakin hannu. 'Yarsa Shandiin ta ce ya iso gidanta da ke Red Valley, bayan dutse, da ƙarfe sha ɗaya, mata su samu su ɗora nama.

Tara saura kwata sai ga tsohuwar motarsa ruwan ƙasa ta kunno kai, tururi yana tashi ta gefen bonet. Ta zo gaban garken tumaki ta tsaya tana huci. Hoskie ya fito da sabuwar malafa da riga mai guga, yana murmushin da bai kai zuci ba.

"Lafiya lau, 'yar gwaggo, kowa lafiya, tun ba ki tambaya ba."

"Ai ban yi niyyar tambaya ba. Mota ce wannan, ko farfesun ka ɗora tun daga gida?"

"Gumi take yi. Hango ki ta yi ta tsorata."

"Shekara talatin tana ɗaukar ka ba ta tsorata ba sai yau? Ina tunkiyar?"

"Tana but ɗin mota, a yanke, cikin ƙanƙara. Ga fulawa, ga alewa, ga gishiri, ga faifan rabo. Ba abin da na manta."

"Guda ce, ko ka sayar da cinya a hanya? Kai da ko inuwar motarka ba ka son kare ya kwanta a ciki."

"Guda ce, mai kitse. Har ta so ta kamo ki."

"Ni nawa kitsen ya san inda ya zauna. Naka a ka ya taru." Ta miƙe tana dafa gwiwa. "Ni abin da ya hana ni barci sati guda ke nan, me ka yi wa yarinyar nan ta yi dariya? Tun muna kiwo tare ba ka taɓa faɗin abin da ya sa ko tunkiya ta ɗaga kai ba."

"Baiwa ce. Ba kowa ke ganinta ba."

"Malafa ka cire ta ga sanƙo."

"A'a."

"To iska ce ta murɗa mata ciki, kuka ɗauka dariya ce."

"Orlinda, duba min motar nan."

Sai a lokacin ta lura da agogo ɗaure a hannunsa. Hoskie da agogo. Mutumin da duk rayuwarsa rana yake kallo, ita ma in ya ga dama. Cikin 'yar tsayuwar nan ya duba shi sau uku.

Orlinda ta shekara ashirin da shida tana aikin wayarin a mahaƙar kwal kafin a rufe ta, kuma har yau duk wanda wuta ta ƙi masa a yankin nan, ƙofarta yake bugawa. Ta ɗaga bonet, zafi ya bugi fuskarta. Hoskie ya kai hannu zai murɗe murfin lagireto, ta make hannun.

"Kar ka taɓa. Fuskar da ta rage maka ke nan, ba a sayar da irinta, don ba mai saye. Yaya aka yi?"

"Tun daga Round Rock gudu take lafiya ƙalau. Sai da na tsaya ana tsallakar da shanu, ko minti biyar ba a yi ba, allurar zafi ta haye ja."

"A guje lafiya, a tsaye tafasa. Fanka ce ba ta juyawa. Iskar hanya ce ta kawo ka nan, ba wayonka ba."

"To mu zuba ruwa mu tafi a guje."

Ta nuna masa dutsen da leɓe. Yana nan tsaye bayan gidanta, hanyar ta naɗe shi tana hawa kwana bayan kwana.

"A can za ka yi gudun? A giya ta ɗaya, a tsakiyar Yuli? Kafin kwana ta huɗu injin ya narke, mu zauna mu ci tunkiyar ɗanya, da ni da kai da hankaki. Ka hau tudun can inda waya ke kamawa, ka kira Shandiin a turo mana motata. Za su ɗan jira, amma dai za a yi biki."

Hoskie ya cire malafar yana juya ta a hannu.

"In ce mata me?"

"Ka ce mata mota ta..."

Orlinda ba ta ƙarasa ba. Mota ta lalace. Ba wanda bai haddace maganar nan daga bakin Hoskie ba a duk danginsu. A zamaninsa gwanin zarge maraƙi ne da igiya daga kan doki, kuma duk inda aka kafa gasa, daga nan har Montana, yana can. Ranar bikin balagar Shandiin, da aka wayi gari aka tone wainar masarar bikin daga ramin da ta kwana tana gasuwa ana neman uban yarinya, mota ta lalace. Ranar da ta gama makaranta, mota ta lalace. Ranar aurenta ma mota ta lalace, sai dai a satin hotonsa ya fito a jarida, rungume da sabon sirdin da ya ci a wannan ranar. Shi da Shandiin sun shekara tara ko sannu ba ta haɗa su ba. Haihuwar nan ce ta buɗe masa ƙofa, ita ma 'yar kaɗan. Orlinda ta ji tausayinsa ya kama ta, kuma ba abin da ta tsana irin ta ji tausayin Hoskie.

"Riƙe nan," ta ce tana zare mundayenta. "Huɗu ne, na san su ɗaya bayan ɗaya."

"Ɓarawo ne ni?"

"Taubashina ne kai, ai gara ɓarawo. Azurfa ba ta zuwa kusa da batir. Na ga wanda zobe ya gasa masa yatsa har ƙashi."

Ta shiga ɗaki ta ɗora tsohuwar rigar aiki a kan karammiskin, ta fito da akwatin kayanta. Ta fara da akwatin fis, ta zaro na fanka ta ɗaga shi a rana. Lafiyarsa lau.

"Ai na duba wannan," in ji Hoskie.

"Ka duba, ko ka buɗe ka gaishe su?"

Ta maƙala fitilar gwaji a jikin ƙarfe, ta soka tsinin a wayar da ke kai wa fanka wuta. Fitila ba ta ko ƙyafta ba. Ta bi wayar da yatsa tana komawa baya, ta ƙarƙashin bututu, ta bayan tulun ruwa, har kusa da batir, inda wasu gajerun wayoyi huɗu masu kaurin roba suka fito daga wuri guda. Ta cire kan batir, sannan ta riƙa jan su ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ta tsaya ƙyam. Ta biyu ma haka. Ta uku kuwa ta biyo hannunta tana miƙewa kamar cingam.

"Ga ta nan. Ja ka ji."

Hoskie ya ja. "Ai ba ta tsinke ba. Ko baƙi ba ta yi ba."

"Robar ce ba ta tsinke ba. Daga waje lafiyayya, ciki ba komai." Ta so ta ce kamar alkawarin wani, ta haɗiye. "Kamar kanka. Wayar fis ce. Da gangan aka yi cikinta siriri, ya fi na sauran ƙanƙanta. In wuta ta yi yawa, ita ke ƙonewa a cikin rigarta, sauran su tsira."

"Shi ke nan? Ɗan wannan abin da bai kai tsawon yatsana ba?"

Kafin ta amsa ya zagaya bayan mota, ya dawo da naɗin wayar ɗaure harawa, fuskarsa ta washe.

"Matsa. Minti biyu. Da ita na ɗaure salansa, da ita na ɗaure ƙofar baya, da ita na ɗaure ƙafar tabarauna. Wannan ba ta ƙonewa har abada."

"Aibinta ke nan. In ita ba ta ƙone ba, wa kake so ya ƙone? Motar ce za ta kama da wuta daga nan har sitiyari, tunkiya ta gasu a but, ni in gasu a karammiski, kai kuma ka fito da ranka don ko wuta ba ta son ka."

"Da a ce da ke aka yi gasa a da, da har yanzu kina bakin ƙofa kina auna igiya."

"Da a ce da ni aka yi, da na san ranar da ake zama a gida. Ajiye wayar nan. Kuma ko sabuwa ce a hannuna ba zan sa ba sai na san abin da ya cinye wannan. Ba ta ƙonewa don nishaɗi."

Maganar zama a gidan ta fita kafin ta tare ta. Hoskie ya ajiye wayar a kan shinge. Ita kuma ta sunkuya ta zura hannu bayan lagireto, ta tura fiffiken fanka. Ya ƙi motsi. Ta ƙara zurawa har gwiwar hannu, ta fara zaro abubuwa tana jerawa a kan murfin injin: tsinken itace, busasshiyar ƙaya, ɓawon 'ya'yan itace, tsumman safa, murfin kwalba, ƙaramin cokali.

"Ɗan kawu, ashe kana da ɗan haya ba ka gaya wa kowa ba."

"Ɓera?"

"Ɓeran daji, da iyalinsa da kayan ɗakinsa. Ya cushe fanka, ta yi ta yunƙuri ta kasa juyawa, ta ja wuta har wayar ta narke." Ta zaro wata takarda mai ƙyalli. "Ga alewar bikin ma. Ya riga kowa karɓar rabonsa. Ina ka ajiye motar nan?"

Hoskie ya sosa ƙeya.

"Gindin itace, bayan rumbu. Tun Asabar da na dawo daga wurinsu na lulluɓe ta da tamfol. Ko kunna ta ban yi ba. Da doki na riƙa zuwa shago, ina sayo kayan ina zubawa a ciki."

"Don me?"

"Don kar wani abu ya same ta kafin yau."

Orlinda ta dube shi, ta dubi tulin tarkacen. Tsoho ɗan shekara sittin da bakwai, da ciwon ƙugu, yana mil shida a kan doki cikin rana don ya adana mota. Ta yi kaki ta tofar.

"Wato gida ka gina masa, har da rufi, har da kanti. Ni da nake 'yar gwaggonka ko kofi ɗaya ba ka taɓa dafa min ba."

"Shi ba ya zagina."

"Bai daɗe da kai ba ne."

Ta gama kwashe sheƙar, ta buga fiffiken da yatsa, ya juya sumul. Ta kawo wata doguwar waya ta taɓa wa fankar wuta kai tsaye daga batir na ɗan lokaci, ta tashi da ƙara tana feso musu ƙura da kashin ɓera. Fanka dai ba ta mutu ba. Saura wayar fis, kuma shagon da ke sayar da ita yana Chinle. Zuwa da dawowa awa biyu ne ga mai mota, su kuwa tasu ga ta nan baki buɗe.

Hoskie ya duba agogo. Tara da minti ashirin da biyar. Ya saci kallon wayar harawar da ke kan shinge.

"Ko ka kalle ta da ido biyu ba zan sa ba," in ji Orlinda. Ta juya ta nuna bayan garke da leɓe. "Ka gane waccan?"

Wata mota ce a can, irin tasa sak, sai dai ita shuɗiya ce a da. Ba taya, ba gilas, ta nutse a ƙasa har gindin ƙofa.

"Kai, 'yar albarka. Tana nan ashe."

"Ina za ta? Tun ranar da ka karɓi farar goɗiyata ka ba ni ita, ka ce za ta kai ni California ta dawo. Sau biyu ta kai ni ɗiban ruwa. Na biyun da ƙafa na dawo."

"Kaji nawa ta ƙyanƙyashe miki a shekara ashirin? Goɗiya za ta yi miki haka?"

"To zo ka gaishe da su. Akwai wata uwar kaji kwance kan ƙwai daidai inda nake son sa hannu. Kai za ka ɗauke ta."

"Ni da na riƙe bijimi da hannu ɗaya?"

"Shi ya sa na zaɓe ka."

Hoskie ya rasa inda zai ajiye mundaye, sai ya zura su a hannunsa, biyu dama biyu hagu. Suka ɗaga bonet ɗin da ƙyar yana kuka. Kazar tana kwance inda batir yake a da, ta kumbura ta zama biyu. Ya cire malafa ya gaishe ta da ladabi, ya kai hannu. Ta sare shi a bayan hannu sau uku kafin ya kama ta, ta ƙara na huɗu a haɓa bayan ya kama.

"Yi sauri, Orlinda."

"Aikin waya ba ya son gaggawa."

"Tana cin namana."

"Ta daɗe ba ta ga tsohon nama ba. Riƙe ta da kyau, kar ka matse min ita, ta fi motar da ka bar ni da ita amfani."

Ta share ciyawa da gashin kaji, ta sami gajerun wayoyin nan huɗu a inda ta san za ta same su. Ta gwada ƙonanniyar da ta yanko a jikin kowacce har ta sami mai launinta da kaurinta, da lamba iri ɗaya a jikin robar. Ta ja ta da ƙarfi, ba ta miƙe ba. Ta lanƙwasa ta, robar ba ta tsage ba. Sannan ta sa filaya ta yanke ta da ɗan saura a kowane gefe.

"Mayar da ita kan ƙwanta, ka ba ta haƙuri."

"Ita za ta ba ni."

Da suka dawo, Orlinda ta fere bakin wayoyin har jan ƙarfe ya fito fes, ta zura 'yar robar rufi tukuna, ta haɗa baki da baki a cikin ɗan bututun ƙarfe ta matse da filaya har jijiyar hannunta ta tashi. Ta ja ta ga bai zame ba, ta yi wa ɗaya gefen haka. Ta jawo robar ta rufe mahaɗin, ta kunna ashana ta riƙa wucewa da ita a ƙasa har robar ta tsuke ta kama. Hoskie yana tsaye a kanta yana numfashi.

"Matsa min daga haske. Inuwarka ma rowa gare ta, ba sanyi sai duhu."

Ta ɗaure wayar nesa da ƙarfen da ke zafi, ta mayar da kan batir. Lagireto ya huce, suka buɗe shi da tsumma suka cika da ruwan tankinta. Hoskie ya shiga ya murɗa makulli, injin ya tashi. Ya leƙo ta taga.

"Shigo mu tafi."

"Fito. Ba inda za mu sai fanka ta tashi da kanta."

"Goma saura kwata fa."

"Sai injin ya yi zafi take tashi. In ba za ta tashi ba, gara mu sani a nan da mu sani a wuyan dutse."

Ya fito. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa gaban buɗaɗɗen bonet suna kallon fiffiken da bai motsa ba. Injin yana ta kaɗawa. Hoskie ya je ya leƙa allura ya dawo, ya sake zuwa ya dawo.

"Tunda tsayuwa ta kama mu," in ji Orlinda, "biya ni ladan aikina. Me ka yi wa yarinyar?"

"Zan ba ki haƙarƙari guda."

"Haƙarƙari nawa ne tun asali. Faɗa min, ko in cire wayata in mayar wa kaza."

Hoskie ya sunkuyar da kai.

"Shandiin tana kicin," ya ce. "Ta ba ni jaririyar a katakon goyonta, ta ce in riƙe minti biyar. Yarinyar ta kafe ni da ido. Idon uwarta ne sak, kin san kallon nan. Sai na ji kamar tambayata take. Na rasa abin yi, sai na fara yi mata bayani a hankali, yadda ba mai ji."

"Bayanin me?"

"Na ranar auren uwarta. Na ce mata, kin ga, ni ma na so zuwa. Na shirya tsaf. To a hanya ne mota ta lalace."

"Sai me?"

"Sai ta ƙyalƙyale da dariya."

Orlinda ta cije leɓe.

"Ba murmushi ba," in ji Hoskie, "dariya sosai, har da shessheƙa. Na ɗaga kai sai ga Shandiin a bakin ƙofa da ludayi a hannu, ta ji komai. Ba ta yi dariya ba ita. Ta ce, to ka ji, ko 'yar wata uku ba ta yarda ba. Asabar, ƙarfe sha ɗaya, kai ne mai biki."

Orlinda ta yi iya ƙoƙarinta. Ta kalli dutse, ta kalli tumaki, ta toshe baki da bayan hannu har baƙin mai ya shafe mata hanci. Abin ya fi ƙarfinta. Dariyar ta ƙwace mata, ta dafa gefen mota ta durƙusa, hawaye yana zuba, tana nuna shi da filaya ta kasa magana. Shekara sittin tana cika bakin bai taɓa ba ta dariya ba, ga shi yau ta zube a gabansa. Shi ma ya fara, yana share ido da malafa.

Suna cikin haka wani abu ya yi ƙas a gefen injin, fanka ta ɗauka da gurnani, iska mai zafi ta bugo musu riguna. Hoskie ya ruga ya leƙa. Allura ta tsaya, ta fara saukowa. Orlinda ta taɓa sabuwar wayar da yatsa biyu, ba ta yi zafi ba. Ta rufe bonet, ta tuɓe rigar aiki ta jefa kan kujera, ta tsinci ƙonanniyar wayar ta cusa masa a aljihun gaba.

"Kyauta ce daga gare ni. Karon farko a rayuwarka mota ta lalace da gaske, ga shaida. In mun makara, ka ba ta ta ja da hannunta."

Suka hau dutsen a giya ta ɗaya, kwana bayan kwana, tagogi a buɗe. Duk lokacin da fanka ta tashi sai Hoskie ya ce mata sannu da aiki, Orlinda ta ce ba kai take yi wa ba, tunkiyar take yi wa. Daga ƙoli suka gangara, jar ƙasa ta buɗe a gabansu.

Sha ɗaya saura minti goma sha biyu suka tsaya ƙofar gidan. An kafa rumfa, hayaƙi yana tashi, mata suna murza ƙullin gurasa. Shandiin tana tsaye ita kaɗai a bakin shinge da jaririyar a hannu, fuskarta wajen hanya. Kowa ya gan ta ya san ta daɗe a wurin.

"Baba. Ka zo."

"Na zo."

"Hanya lafiya? Motar ba ta yi komai ba?"

Orlinda ta ga hannunsa ya tashi ya dafa aljihun gaba. Ya tsaya a nan, sannan ya sauka.

"Lafiya lau," ya ce. "Ko tari ba ta yi ba."

Shandiin ta dubi Orlinda, da baƙin mai a hanci da ƙarƙashin farce, hannuwa ba ko munduwa ɗaya. Duk dangi sun san abu guda ne ke raba gwaggo Orlinda da azurfarta. Sannan ta dubi ubanta, sabuwar malafa, gashin kaza a kafaɗa, saran kaza a haɓa, ga mundayen mata huɗu suna ƙara a hannunsa, biyu dama biyu hagu. Ya bi idonta ya gani, ya yi sauri ya kai hannuwan baya, suka ƙara yin ƙara.

Leɓen Shandiin ya fara rawa. Ta juya kai gefe, ba ta tsira ba. Ta fashe da dariya har ta jingina da shinge, ta miƙa masa jaririyar don kar ta faɗi da ita, ta kifa goshi a kafaɗarsa tana yi, har ba a gane dariya ce ko kuka. Matan rumfa duk suka tsaya da ƙulli a hannu.

Orlinda ta bari sai da ta lafa, sannan ta gyara murya.

"Jama'a ku shaida. Shekara nawa rabon da wani ya ji yarinyar nan ta yi wa ubanta dariya? To ta farko ce wannan, kuma kun ga wanda ya jawo ta. Ɗan kawu, wata tunkiyar ta hau kanka."

Ta jira ya yi gardama, don ta riga ta tanadi amsa. Hoskie yana rungume da jikarsa da hannu ɗaya, ɗayan a bayan 'yarsa, mundaye suna walƙiya a rana.

"Na ji," ya ce. "Ki zo da kanki ki zaɓi wadda ta fi kitse. Asabar mai zuwa."

"Ƙarfe nawa?" in ji Shandiin, ba ta ɗago daga kafaɗarsa ba.

"Ki faɗa kawai. Zan riga ki tashi."